Wanda ya biya kuɗin kallo: talabijin da rayuwar Amurkawa a shekarun 1950

Wanda ya duba jerin farashin kaya na Amurka a shekarar 1950 zai yi zaton an taɓa yin wani zamani na wadata da ba zai dawo ba. Kwalbar Coca-Cola senti 5 ce, kuma haka farashinta yake tun 1886. Kan sarkin aika wasiƙa senti 3, galan ɗin fetur wajen senti 27, tikitin silima wajen rabin dala, sabuwar mota kuwa wajen dala 1,500. A unguwar Levittown da ke kusa da birnin Niyok, ana sayar da sabon gida da firji da murhu a ciki kan dala 7,990. Har yau Amurkawa da yawa na tuna waɗannan alƙaluma da ɗoki, suna haɗa su da hotunan iyali zaune a falo suna dariya gaban akwatin talabijin. Sai dai abin da ya fi sauya rayuwar mutane a wannan zamani shi ne wanda babu farashinsa a cikin jerin, wato shirye-shiryen da ke fitowa daga wannan akwati. Mai kallo bai biya ko senti ɗaya ba a kansu. Kamfanonin sabulu da na taba sigari da na mai ne suka biya, kuma wanda ya biya shi ya zaɓi abin da za a yi wa dariya, da labarin da za a ba da, da fuskar da ta cancanci a nuna. Hujjata ita ce surar shekarun 1950 da duniya ta gada, ta ƙasa mai cike da ƙoshi da kwanciyar hankali, masu talla ne suka zana ta, kuma ba a fahimtar farashi da nishaɗi da labarai na wannan zamani sai an haɗa su wuri guda.

Farashi ba ya da ma'ana sai an auna shi da abin da ke shiga aljihu. A 1950 mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke senti 75 ne a awa, bai kai dala ɗaya ba sai a 1956, kuma dokar ba ta shafi ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje ba, ayyukan da baƙaƙen fata na kudancin ƙasar suka fi yawa a ciki. Matsakaicin iyali na samun wajen dala 3,300 a shekara, wato dala 275 a wata. Galan ɗin fetur na senti 27 ya ci aikin fiye da minti ashirin na mai ƙaramin albashi. Ƙidayar 1950 ta nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar ba su da cikakken tsarin famfo da banɗaki na cikin gida. A irin wannan hali akwatin talabijin na dala 200 ko fiye kaya ne mai tsada ƙwarai, domin ya kusa cinye kuɗin wata guda na matsakaicin iyali, mai ƙaramin albashi kuwa sai ya yi aikin kusan mako bakwai kafin ya haɗa kuɗinsa. Duk da haka mutane sun saya, yawanci a kan bashi, ana biya kaɗan-kaɗan duk wata. A 1948 gidajen da ke da talabijin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A 1950 sun kai kashi 9, a 1955 wajen kashi biyu cikin uku, a 1960 kuwa sun doshi kashi 90. Abin da ya jawo hankalin talaka ya ci wannan bashi shi ne alƙawarin cewa da zarar ya biya kuɗin akwati ya kafa eriya a kan rufi, kallo kyauta ne har abada.

Tsarin da ya cika wannan alƙawari gado ne daga rediyo. A ƙarƙashin dokar sadarwa ta 1934, gwamnati ke ba tashoshi lasisin amfani da zangon watsa shiri, da sharaɗin su yi aiki don amfanin jama'a, amma ba ta ba su kuɗi, ba ta kuma karɓar haraji daga masu saurare domin su. Tashoshin sai suka dogara ga talla. A farkon zamanin talabijin abin ya wuce sanya talla a tsakiyar shiri, domin kamfani ne ke sayen awa guda ko rabin awa sukutum, kamfanin tallarsa da ke titin Madison a Niyok ya tsara shirin, ya ɗauki 'yan wasa, ya duba rubutun kafin a fito. Shi ya sa shirin barkwancin Milton Berle, wanda ya fara a tashar NBC a 1948 ya kuma sa dubban mutane sayen akwati, sunansa Texaco Star Theater, kuma da mawaƙa huɗu sanye da kayan ma'aikatan gidan mai ake buɗe shi. Shirin I Love Lucy, wanda ya fara a CBS a 1951, kamfanin sigari na Philip Morris ne ya ɗauki nauyinsa. Wasannin kwaikwayo na rana da aka tsara domin matan gida kuwa, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka mallake su. Zuwa 1955 kuɗin da ake kashewa kan tallar talabijin ya haura dala biliyan ɗaya a shekara. Kuɗin nan daga aljihun mai saye ya fito, domin an ɗora shi a kan farashin kowane sandar sabulu da kowane kwalin sigari, har wanda ba shi da akwati ma ya biya rabonsa. A Birtaniya a lokacin mai akwati yakan biya kuɗin lasisi kai tsaye domin BBC, ya san nawa ya biya. Ba'amurke shi ma ya biya, amma a kanti, ba tare da an rubuta masa ba.

Cikin shekara goma wannan akwati ya sauya yadda ake cin maraice. A 1946 ana sayar da tikitin silima wajen miliyan 90 a mako, zuwa 1960 adadin ya faɗi ƙasa da rabin haka, gidajen silima na unguwanni suka yi ta rufewa. Manyan tashoshin rediyo suka rasa taurarinsu, suka koma sanya faifai da karanta gajerun labarai. Mujallar Collier's, wadda take da miliyoyin masu karatu, ta daina fitowa a farkon 1957, domin masu talla sun juya mata baya. A madadinsu aka samu mujallar TV Guide a 1953, kan senti 15, aikinta kawai ta faɗa wa mutane abin da za a nuna. Kamfanin Swanson ya fito da daskararren abincin dare a cikin farantin goran-ruwa mai gida uku, naman talo-talo a ɗaya, dankali a ɗaya, wake a ɗaya, kan senti 98, a ɗumama shi a ci a gaban akwati ba tare da an zauna a teburi ba. Ranar 19 ga Janairu 1953 mutum wajen miliyan 44 suka kalli shirin da Lucy ta haihu a cikinsa. Washegari aka rantsar da Dwight Eisenhower a matsayin shugaban ƙasa, kuma waɗanda suka kalli rantsuwar ba su kai haka ba. Shirin ya tara hankalin miliyoyin Amurkawa wuri guda a sa'a guda, kuma mai sayar da sigari ne ya kira taron.

Inda abin ya fi nauyi shi ne labarai. Daga 1949 zuwa 1956 labaran yamma na NBC sunansu Camel News Caravan, minti goma sha biyar ne kacal har da talla, kamfanin R. J. Reynolds mai sigarin Camel ne ya biya. Mai karantawa, John Cameron Swayze, yakan zauna da fure a maƙale a kwat ɗinsa, ga mazubin toka a kan tebur inda kowa zai gani. Kamfanin ya kafa sharuɗɗa kan hotunan da za a nuna: kada a ga allon hana shan taba, kada a ga kowa da dunƙulalliyar tabar siga a baki, sai Winston Churchill kaɗai da aka yi wa rangwame don ba yadda za a yi da shi. Wannan kuwa a daidai lokacin da likitoci suka fara tabbatar da alaƙar sigari da kansar huhu, domin a 1950 ne binciken Richard Doll da Bradford Hill ya fito a Birtaniya, na Ernst Wynder da Evarts Graham ya fito a Amurka. Labari mafi muhimmanci ga lafiyar miliyoyin masu kallo ya zama labarin da ya fi wahalar faɗa daga wannan tebur. Mujallar Reader's Digest, wadda ba ta karɓar tallar sigari, ita ce ta kai maganar ga jama'a a ƙarshen 1952. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba sai mai biya ya buga waya kullum ba, domin edita ya san abin da zai ɓata masa rai tun kafin a faɗa masa.

Haka kuɗin talla ya tace fuskokin da ake gani. Nat King Cole, baƙar fata, yana cikin mawaƙan da suka fi cinikin faifai a ƙasar lokacin da NBC ta ba shi shiri a Nuwamba 1956. Manyan mawaƙa irin su Ella Fitzgerald da Harry Belafonte sun zo sun yi wasa kan kuɗi kaɗan domin su mara masa baya, amma babu babban kamfani ko ɗaya da ya yarda ya ɗauki nauyin shirin a faɗin ƙasa, don tsoron kada fararen fata na kudu su ƙaurace wa kayansa. Bayan shekara guda, a Disamba 1957, shirin ya tsaya. Lokacin da marubuci Rod Serling ya rubuta wasa bisa kisan Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a jihar Mississippi a 1955, masu ɗaukar nauyi sun matsa har aka ɗauke labarin daga kudu aka mai da shi arewa maso gabas, aka kuma cire baƙar fata daga cikinsa. A 1959, a wani wasa kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, an toshe sautin kalmar gas duk inda ake maganar ɗakunan da aka halaka Yahudawa, saboda ƙungiyar kamfanonin gas tana cikin masu biyan kuɗin shirin. Iyalin da aka saba nunawa fararen fata ne, da gida a bayan gari, da uwa a kicin, da uba mai dawowa daga ofis. Gidajen Levittown da suka yi kama da wannan hoto ba a sayar wa baƙar fata su, kuma da farko an rubuta hakan ƙarara a takardar yarjejeniya. Ƙididdigar gwamnati ta nuna cewa a 1959 kashi 22 cikin ɗari na Amurkawa, mutum kusan miliyan 40, suna cikin talauci, a cikin baƙaƙen fata kuwa fiye da rabi. Waɗannan ba su ne masu sayen sabuwar firji ba, don haka ba su da gurbi a shirin da mai firji ya biya.

Gasar kacici-kacici ce ta tona asirin tsarin. A shirin Twenty-One, wanda kamfanin maganin ƙarin jini na Geritol ya ɗauki nauyi, ana kulle 'yan takara biyu a cikin akurkin gilashi da abin ji a kunne, kyamara na nuna zufa tana keto musu suna cizon leɓe. Ashe duk shiri ne. An ba su amsoshin tun da wuri, an koya musu inda za su yi jinkiri da lokacin da za su goge goshi. A Disamba 1956 aka umarci Herbert Stempel ya faɗi a kan tambayar da ya san amsarta, domin a ba Charles Van Doren wuri, matashin malamin jami'ar Columbia mai kwarjini wanda aka ga zai fi jawo masu kallo. Van Doren ya ci dala 129,000, kuɗin da matsakaicin iyali zai yi shekaru masu yawa bai tara ba, ya kuma zama abin misali ga ɗalibai. A Nuwamba 1959 ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisa. Abin lura shi ne a lokacin babu dokar da ta hana murɗe irin wannan gasa, sai a 1960 majalisa ta kafa ta. Bayan wannan abin kunya tashoshi suka ƙwace ikon tsara shiri daga hannun kamfani guda, suka koma sayar da gajerun gurabe ga kamfanoni da yawa. Ikon mutum ɗaya ya ragu, amma ma'aunin bai sauya ba, domin alƙaluman kamfanin Nielsen na yawan masu kallo ne suka ci gaba da yanke hukuncin shirin da zai rayu.

Mai ja da wannan magana zai ce wadatar ta gaskiya ce, kuma yana da hujja. Kuɗin shigar matsakaicin iyali ya tashi daga wajen dala 3,300 a 1950 zuwa wajen dala 5,600 a 1960, ya zarce tashin farashi nesa. Masu gidan kansu sun ƙaru daga kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa kashi 62 a 1960. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta kai miliyoyi makaranta ta kuma ba su bashin gida mai sauƙi, allurar shan-inna ta Jonas Salk ta fito a 1955, aka fara shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohi a 1956. Ban musanta ko ɗaya ba. Amma waɗannan abubuwa sun fito ne daga ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, da kuɗin gwamnati, da kasancewar masana'antun Turai da Japan sun rushe a yaƙi alhali na Amurka suna tsaye. Talabijin ta ɗauki wannan wadata ta gaske, wadda wani ɓangare na jama'a ya samu, ta nuna ta a matsayin halin kowa. Illar haka ta faɗa kan wanda aka bari a baya, domin mutumin da ba a ganin talaucinsa da wuya a yi doka dominsa. Sai da shirin Harvest of Shame na CBS ya nuna ma'aikatan gona masu yawo a 1960, littafin Michael Harrington kan talakawan Amurka ya biyo baya a 1962, sannan maganar talauci ta shiga bakin 'yan siyasa sosai.

Wani kuma zai ce ai wannan akwati ne ya karya Sanata Joseph McCarthy, shi ne kuma ya nuna wa arewa zaluncin kudu. Gaskiya ne ranar 9 ga Maris 1954 Edward R. Murrow ya yi amfani da shirinsa na See It Now ya fallasa yadda McCarthy ke shafa wa mutane kashin kajin kwaminisanci ba hujja, kuma a watannin da suka biyo baya jama'a sun kalli zaman bincike na kwana 36 da ya zubar masa da mutunci, har majalisar dattawa ta tsawata masa a Disamba. Gaskiya ne kuma a 1957 kyamarori sun nuna ɗalibai tara baƙaƙen fata a Little Rock suna ratsa taron masu zagi domin shiga makarantar fararen fata, kafin Eisenhower ya tura sojoji. Sai dai a duba yadda aka yi. Murrow da abokin aikinsa Fred Friendly daga aljihunsu suka biya tallar wannan shiri a jarida. Kamfanin Alcoa ya janye ɗaukar nauyinsa a 1955, aka raba shirin da gurbinsa na mako-mako a daidai lokacin da gasar kacici-kacici ke tashe, ya mutu a 1958. Zaman binciken kuwa ƙananan tashoshi biyu, ABC da DuMont, su suka watsa shi kai tsaye daga farko har ƙarshe, domin ba su da shirye-shiryen rana masu kawo kuɗi da za su yi asararsu. Hoton gawar Emmett Till mujallar baƙaƙen fata ta Jet ce ta buga shi. Misalan jarumtakar nan duk suna nuna cewa gaskiya ta fi samun hanya a inda kuɗin talla ya yi ƙaranci, ko inda wani ya yarda ya yi asara dominta.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta wanda zai ce gara ikon mai sabulu da ikon gwamnati, tunda a Tarayyar Sobiyet ta wannan zamani babu talla amma babu 'yanci, kuma ba wanda ya tilasta wa Ba'amurke kallon Lucy. Na yarda cewa kamfanin da ke tsoron ɓata wa mai saye rai bai kai gwamnatin da ke ɗaure ɗan jarida muni ba. Amma zaɓin bai tsaya kan waɗannan biyu kaɗai ba, kuma Amurka da kanta ta gane haka, shi ya sa ta kafa dokar watsa shirye-shirye na jama'a a 1967, ta kuma haramta tallar sigari a talabijin da rediyo daga Janairu 1971, shekara bakwai bayan rahoton babban likitan gwamnati na 1964 kan illar sigari. Maganar zaɓin mai kallo kuwa, mutum yana zaɓe ne a cikin abin da aka ajiye masa, kuma tashoshi ƙalilan ne a yawancin birane, dukansu suna neman kuɗi daga kamfanoni iri ɗaya. Wanda yake son shirin Nat King Cole ya ci gaba ba a tambaye shi ba. Siyasa ma ta bi wannan hanya: a 1952 masanin talla Rosser Reeves, wanda ya yi suna wajen tallar maganin ciwon kai, shi ya tsara wa Eisenhower gajerun tallace-tallacen neman ƙuri'a, kuma zuwa muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa Kennedy da Nixon ta 26 ga Satumba 1960, wadda mutum fiye da miliyan 60 suka kalla, an yi ta maganar kyan fuskar ɗaya da zufar ɗayan kamar yadda aka yi maganar manufofinsu.

Saboda haka mai nazarin wannan zamani ya kamata ya riƙa karanta shirye-shiryensa a matsayin shaidar abin da kamfanoni suka so a gani, ya nemi sauran labarin a ƙidayar jama'a, da takardun kotu, da jaridun baƙaƙen fata, da bayanan ƙungiyoyin ƙwadago. A 1961 sabon shugaban hukumar sadarwa ta ƙasa, Newton Minow, ya tsaya gaban masu tashoshin ya tuna musu cewa zangon da suke cin riba da shi mallakar jama'a ne, aro aka ba su. Wannan ita ce maganar da aka yi shekaru ana mantawa da ita. Labaran yamma ba su kai rabin awa ba sai a Satumba 1963, kuma tsarin da aka kafa a shekarun 1950, na ba da kallo kyauta a sayar da hankalin mai kallo ga mai talla, shi ne manyan kamfanonin intanet suka gada suka faɗaɗa. Duk al'ummar da ta karɓi labarai da nishaɗi ba tare da ta san wanda ya biya ba, ta miƙa wa wannan mai biya ikon zaɓar abin da za ta sani game da kanta, kuma talakanta ne zai fara ɓacewa daga hoton.